Yadda na rage kuɗin yunifom ɗin yarana a Jos

Makarantar da 'ya'yana uku suke zuwa a nan Jos ta ɗora mana sharaɗin cewa ba za a sayi yunifom ba sai a shago ɗaya da ta yi yarjejeniya da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin shagon bai daina hawa ba, alhali yadin yana koɗewa bayan wanki kaɗan, har rigar autata ta tashi daga shuɗi ta koma ruwan toka kafin zango ya ƙare. Wannan ya fi tsadar ci mini rai.

Da na zauna na duba rigar da kyau, sai na gane cewa tambarin da ke kan aljihu kaɗai ne ba a samu a kasuwa. Na yanki ƙyalle daga tsohuwar riga na aika wa ƙanin maigidana a Kano, ya samo irinsa a Kantin Kwari, na kuma kai wa telan unguwarmu ya ɗinka guda ɗaya.

A taron iyaye da malamai na shimfiɗa rigunan biyu a kan tebur, na ce wa shugabar makarantar: "Ranki ya daɗe, ki nuna mana ta shagon." Ta juya su, ta shafa, ba ta iya bambancewa ba. An amince makaranta ta riƙa sayar da tambarin daban, mu kuma iyaye muka haɗa kuɗi muka sayi bandir guda.

Rigar sanyi, wadda ba makawa a hunturun Jos, a Kasuwar Katako na samo ta.