Yadda Ake Kewaye Gona da Shingen Waya Mai Ɗorewa

Kafin a haƙa rami ko ɗaya, ya kamata mai gona ya zagaya iyakarsa tare da maƙwabtansa a tabbatar da ita, domin tuge shingen da ya ci gonar wani da taku biyu ya fi kafa shi wahala. Daga nan sai a auna kewayen. Gona mai hekta ɗaya wadda kowane gefenta mita 100 ne, kewayenta mita 400 ke nan. Idan aka bar tazarar mita 3 tsakanin dirka da dirka, za a buƙaci dirkoki kusan 134, layi huɗu na waya mai ƙaya kuma zai ci mita 1,600. Layi huɗu yakan tsare shanu, amma akuya ratsawa take yi ta tsakani, saboda haka mai awaki ko tumaki ya nemi waya mai raga.

Ƙarfin shinge duka yana kan dirkokin kusurwa da na bakin ƙofa, domin su ne suke ɗauke da jan wayar. A zaɓi masu kauri waɗanda aka yi wa maganin gara, a binne kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu, wato ramin ya kai mita ɗaya ko kusa da haka. Kada a ture ƙasa cikin ramin gaba ɗaya. A riƙa zuba ta kaɗan-kaɗan ana daɓewa da ƙarfe ko tabarya, musamman ta can ƙasa, har sai dirkar ta daina motsi idan aka jingina da ita. Sannan a yi mata tokara ta ɓangaren da wayar za ta ja. A nan ne masu gaggawa suke yin sakaci, kuma damina ɗaya ta isa ta tona musu asiri: ƙasa tana jiƙa sai dirkar ta karkata, wayoyin duka su saki.

Idan kusurwoyi sun tsaya, a ɗaure igiya daga wannan zuwa waccan, a jera sauran dirkokin a kan layinta.

Wajen ɗaura waya, a sa ta ta ɓangaren da dabbobi suke, domin idan saniya ta goga jikinta, wayar ta danna dirka maimakon ta fizge ƙusa. A ja ta da abin jan waya har ta miƙe, amma ba har ta kusa tsinkewa ba, a kuma sa safar hannu mai kauri. Ƙusa mai baki biyu da ake kama waya da ita, a buga ta a ɗan karkace don kada itacen ya tsage, kuma a dirkokin tsakiya kada a nutsar da ita har ta matse wayar, saboda ƙarfe yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi. Ƙofa kuwa a bar mata faɗin mita 4 idan tarakta za ta riƙa shiga.

Wanda zai ba ɗan kwangila aikin ya rubuta yarjejeniya da ta faɗi zurfin rami, tazarar dirkoki, yawan layukan waya da wanda zai sayi kaya. Ya biya kafin alƙalami kaɗan, sauran kuma kashi-kashi, sannan ya je da kansa ranar da ake kafa kusurwoyi ya zura sanda a ramin, domin da zarar an rufe shi babu mai iya ganin zurfinsa.