Kurakuran da ake yi wajen saita wa kurma waya, da yadda za a gyara su

Ina da wani ɗan kawu kurma da ke ɗinki a kusa da Kasuwar Wunti a Bauchi, kuma a wajensa na fara lura da kuskuren da ’yan uwa suka fi yi: a saya wa kurma waya mai kyau, a miƙa masa ita yadda ta fito daga kwali, alhali an saita ta ne domin mai ji. Saƙo yana shigowa, waya tana ta ƙara a aljihun rigar da ya rataye a ƙusa, shi kuwa yana kan keken ɗinki bai san ana yi ba, har masu kaya suka fara zarginsa da wulaƙanci. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Aka kunna girgiza, aka kunna walƙiyar fitilar kyamara wadda wayoyi da yawa suke da ita a sashen saitin masu buƙata ta musamman, sannan aka samar wa wayar wuri a kan teburin keken inda idonsa zai riƙa kaiwa. Sai dai a kula, a wasu wayoyin tsarin tattalin batir yana rage girgiza, saboda haka duk wanda ke kunna shi idan an ɗauke wuta ya gwada ya tabbatar.

Kuskuren da ya fi damuna ba a cikin waya yake ba, a cikin ɗabi’armu yake. Mun saba da saƙon murya a WhatsApp, ta yadda sanarwar rasuwa, da ranar ɗaurin aure, da labarin an kwantar da wani a asibiti duk da murya ake aiko su zauren dangi. Kurman da ke cikin zauren yana ganin saƙonni suna ta shigowa bai san me ake ciki ba, sai bayan an dawo daga jana’iza wani ya tuna ya gaya masa, kuma wannan ware mutum ne daga danginsa ko da ba a yi niyya ba. Duk wanda ya aiko murya ya bi ta da rubutu ko da layi biyu ne, mai ɗauke da abin da ya faru, da wurin, da lokacin.

Rubutun ma yana da nasa ladabi, domin ba kowane kurma ne yake karanta Hausar boko ba. Wanda ya yi makarantar kurame sau da yawa ya fi sakewa da Turanci da kuma yaren alamar da ake koyarwa a makaranta, wanda tushensa na Amurka ne, wanda bai je makaranta ba kuwa maganar hannu ta gida ya sani. A tambaye shi wanne ya fi so, a taƙaita jimloli, a haɗa da hoto inda hoto zai wadatar.

Kiran bidiyo shi ne ainihin kiran waya a wajen mai maganar hannu, amma mutane suna lalata shi ta hanyar riƙe wayar da hannu ɗaya, ko zama taga tana bayansu har fuska ta yi duhu. A jingina wayar da wani abu, hannu biyu da fuska su fito sarai, haske ya zo ta gaba, domin motsin gira da na baki suna cikin maganar.

Mai ƙarancin ji kuwa, ƙure masa sauti ba shi ne taimako ba. Idan kunne ɗaya ne yake ji da shi, akwai saitin da ke haɗe sautin hagu da na dama wuri guda. Akwai kuma manhajar Live Transcribe da kamfanin Google ya fitar a 2019, wadda ke mayar da magana rubutu nan take, amma a gwada ta da harshen da za a yi magana da shi a gida kafin a dogara da ita a gaban likita.

Wanda yake ji amma magana ke masa wuya, kada a riƙa katse kiransa don an ji shiru, a ba shi lokaci ya rubuto. Yana da kyau ya tanadi jimloli a wayarsa, kamar sunan unguwarsu domin mai Keke Napep da sunan maganin da yake sha. Lambar sirri ta banki kuma kada a karɓe ta da sunan taimako. A zauna da shi a koya masa tura kuɗi ta lambobin da ake dannawa, tunda duk rubutu ne ba ya buƙatar ji ko magana, sannan ya canza lambar da hannunsa ba tare da kowa yana kallo ba.