Yadda Ake Zaɓen Katin Hoto Don Kwamfutar Wasanni

Duk wanda ya tashi haɗa kwamfutar wasanni, katin hoto, wato GPU, shi ke lashe kaso mafi tsoka na kuɗinsa. Abin da ke damuna shi ne yadda matasa ke shiga kasuwa da sunan kati a baki, ba su ko duba monitar da za su jona shi da ita ba.

To, daga monita za ka fara. In mai 1080p ce, wato mai layukan ɗigon hoto 1080 daga sama zuwa ƙasa, RX 6600 ko RX 7600 na AMD, ko RTX 4060 na Nvidia, kowanne ya ishe ka buga GTA V, Fortnite da EA Sports FC ba tare da tangarɗa ba. In mai 1440p ce, sai ka haura zuwa RTX 4070 ko RX 7800 XT. Wanda ya jona RTX 4090 da monita mai 1080p da 60Hz, wato mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, ya biya kuɗin ƙarfin da idonsa ba zai taɓa gani ba.

Daga nan sai ma'ajiyar katin, wadda ake kira VRAM. Giga 8 na yin aiki a 1080p, amma tun 2023 wasanni irin su Hogwarts Legacy suka fara cika ta idan aka ɗaga ingancin hoto, har wasa ya riƙa sarƙewa. In aljihunka zai ɗauka, nemi giga 12. Intel ta fitar da Arc B580 mai giga 12 a Disambar 2024 kan dala 249, sai dai ba ya sakin jiki sai madabod ɗinka, wato babban allon da ake jona sassan kwamfuta a kansa, na da Resizable BAR, saitin da ke ba ƙwaƙwalwar kwamfutar damar isa ga duk ma'ajiyar katin a lokaci ɗaya, kuma a kunne. Kada yawan giga ya ruɗe ka: RTX 4060 mai giga 8 ya fi RTX 3060 mai giga 12 gudu a mafi yawan wasanni. Shi kansa 3060 ɗin iri biyu ne, akwai mai 12, akwai mai 8, don haka ka karanta jikin kwali da kyau.

Maganar wuta kuwa, a wurinmu ita ce babba. RTX 4060 na cin wat 115, RX 7600 na cin 165, RTX 4070 na cin 200, RTX 4090 kuma har 450. Mai dogaro da inbata ko ƙaramin janareta ya san bambancin 115 da 200 ba ƙarami ba ne, batir ne zai gaya masa da daddare. Buɗe gefen kwamfutar ka karanta takardar da ke manne jikin akwatin wuta, wato PSU. Nvidia ta ba da shawarar mai wat 550 ga 4060, mai 650 ga 4070. Ramin madabod da ake soka katin wat 75 kawai yake bayarwa, a yawancin katuna ragowar ta wayar akwatin wuta mai baki 8 take zuwa, ita kuma tana ɗaukar 150. In akwatin wutarka ba shi da wannan waya, canza shi. Ina roƙonka kada ka yi dabarar jona adafta daga wayar SATA, wadda ke kai wa ma'ajiyar fayiloli wuta, domin tana iya narkewa ta tafi da katin.

Ɗauko tef ka auna cikin akwatin kwamfutar, don katuna masu fanka uku na wuce santimita 30. Ka bar wa iska hanya, saboda zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu duk a kan fankokin nan suke ƙarewa.

In na hannu za ka saya, sai ka natsu. Tun da Ethereum, wani kuɗin intanet, ta daina amfani da haƙa, wato samar da kuɗin ta hanyar sa katunan hoto lissafi, a Satumbar 2022, katunan da suka kwana suna aiki dare da rana, irin su RX 580 da RTX 3070, suka cika kasuwa. Kada ka miƙa kuɗi sai an jona katin a gabanka. Buɗe manhajar GPU-Z ka tabbatar sunan da yawan gigan sun dace da abin da mai shago ya faɗa. Sannan ka kunna FurMark, manhajar da ke ɗora wa kati aiki mai nauyi don gwaji, na minti 15, idonka a kan zafi: in ya haura digiri 85, ko ka ga ɗige-ɗige da layuka masu launi suna yawo a allo, ko fanka ɗaya ta tsaya, ajiye masa kayansa. Juya bayan katin ka duba kusoshi huɗun da ke riƙe da ƙarfen sanyaya. In kawunansu sun cinye, an sha buɗe shi, sai ka tambayi dalili kafin a shiga ciniki.