Yadda za ku hana robar fitsari tara yauƙin ƙwayoyin cuta

Na taɓa cire wa wani dattijo robar fitsari da ta toshe, da na murza bakinta sai na ji ƙaras-ƙaras kamar an ɗura mata yashi. Ta fi wata uku a jikinsa, 'ya'yansa kuwa suna ta sayo masa magani a kemis saboda fitsarin yana wari. Kuɗinsu kawai suka zubar.

Duk wadda ta sa hannu cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, ta san santsin nan da ke manne a jikinta. Irinsa ne ke taruwa a robar. Ƙwayoyin cuta suna manne mata, su fitar da yauƙi su lulluɓe kansu, likitoci suna ce masa bayofim. Idan suka shige ciki, maganin da yake kashe su cikin sauƙi sai ya gaza, ko da an ninka shi sau da yawa. Ƙwayar cutar da ta fi ba mu wahala ita ce Proteus mirabilis: tana sauya sinadarin yuriya na fitsari ya koma amoniya, gishirin da ke cikin fitsarin ya daskare ya zama tsakuwa, ya toshe robar. Yashin da na ji ke nan. Akwai kuma Candida, dangin funfuna, mai son masu ciwon suga da waɗanda suka daɗe suna shan maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Abu na farko, kuma shi na fi damuwa da shi: duk zuwa asibiti ku tambaya, "Likita, har yanzu Baba yana buƙatar robar nan?" Kada kunya ta hana ku. Kowace rana da ta ƙara a jiki, yiwuwar ƙwayoyin cuta su shiga fitsari tana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin 100, kafin wata guda kusan kowa ya ɗauka. Idan dole ta zauna, ku tambayi irinta. Ta silikon tana iya kaiwa mako 12, ta roba zalla ba ta kai haka ko kusa. Ku rubuta ranar da aka sa a jikin kalanda.

Kada ku raba robar da bututun jakar da fitsarin ke taruwa. Na san ana yi, musamman lokacin wanka ko za a sauya wando, amma duk buɗewa ƙofa ce. Jakar kuma ta zauna ƙasa da mafitsara kullum, don kada fitsari ya koma baya, sai dai ba a kan daɓe ba. Ku rataye ta a ƙarfen gado. Ku duba bututun kada ya lanƙwashe a ƙarƙashin cinya, ku ɗaure shi a cinyar don kada ya riƙa fizga.

Kafin jakar ta cika a juye, a wani mazubi na mara lafiyar shi kaɗai, bakin famfon jakar kada ya taɓa mazubin. Wanke hannu da sabulu kafin da bayan haka.

Wurin da robar ta shiga, ruwa da sabulu sau ɗaya a rana ya isa, a riƙa gogewa daga jiki zuwa waje, sai kuma bayan kowane bayan gida. Ban da hoda, ban da man shafawa. A ba shi ruwa sosai har fitsarin ya yi haske, in dai likita bai taƙaita masa ba saboda zuciya ko ƙoda.

Wari ko gurɓacewar fitsari kaɗai ba dalilin shan magani ba ne. Amma idan zazzaɓi ya zo, ko rawar ɗari, ko ciwon kwiɓi, ko tsoho ya fara sambatu, ko fitsari ya daina sauka mara ta kumbura, ku kai shi asibiti a ranar. Ku faɗa musu yaushe aka sa robar, domin idan ta haura mako biyu sabuwa ake sawa, a ɗebi fitsarin gwaji daga sabuwar, sannan a fara magani.