Yadda ake gyara sautin kwamfutar cinya mai hawa da sauka da kansa a Linux

Sauti ya haye ƙololuwa ba ka taɓa komai ba, can kuma ya faɗi warwas. Da yawa sai su goge Ubuntu, wato nau'in Linux ɗin da ke kan kwamfutar, su sake ɗorawa, su ƙone kuɗin intanet a banza. A Maradi, balle lokacin hunturu, ƙura ce abin fara tuhuma.

Fara da ramin da ake cusa abin sauraro na kunne. Akwai ɗan makunni a ciki mai shaida wa kwamfuta an cusa ko an zare. In ƙura ta cushe shi, sai ta riƙa tsalle tsakanin lasifika da na kunne, kowanne kuwa da nasa ƙarfin sautin da ta adana, shi ya sa kake jin hawa da sauka. Kashe ta, ka hura ramin da ɗan famfon iska irin na masu gyaran waya, sannan ka cusa ka zare sau da dama. Kada ka soka allura.

Sai maɓallai. Danna Ctrl+Alt+T don buɗe tagar rubuta umarni (terminal), ka rubuta sudo apt install evtest, sannan sudo evtest. Zaɓi lambar allon maɓallanka, ka ɗauke hannu. In layukan KEY_VOLUMEUP ko KEY_VOLUMEDOWN suna ta zubowa, maɓalli ne ya maƙale, sai shara ko canji.

In shiru, laifin na manhaja ne. Rubuta pactl info ka ga wanda ke riƙe da sautin. Tun Ubuntu 22.10 na shekarar 2022, manhajar PipeWire ce ke riƙe da shi, kafin nan kuwa PulseAudio ce. In PipeWire ka gani, share saitunan da aka adana da rm -r ~/.local/state/wireplumber, ka tashe shi da systemctl --user restart wireplumber pipewire pipewire-pulse. Rubuta layin sharewar nan harafi da harafi, don rm ba ya tambaya.

Mai tsohon PulseAudio, wanda kunna bidiyo ke ja masa sautin kwamfuta duka sama, ya buɗe /etc/pulse/daemon.conf ya sa flat-volumes = no, ya cire alamar ; in tana gaban layin, ya kashe ya kunna.

Ya ƙi ji har yanzu? Rubuta alsamixer a tagar umarni don buɗe allon saita sauti, danna F6 ka zaɓi katin sauti, ka mai da Auto-Mute Mode zuwa Disabled, ka adana da sudo alsactl store. Sai dai daga nan lasifika na iya ci gaba da magana ko ka sa na kunne.

Kafin ka kai wa mai gyara, tashe ta da Linux ɗin da ke kan filashi ba tare da ɗorawa ba. In can ma tana yi, to laifin na kayan jikin kwamfutar ne, ba na manhaja ba, ka gaya masa ya duba ramin da allon maɓallai.