Kurakuran da ake yi idan mai taɓin hankali ya aikata laifi

Idan mai taɓin hankali ya sari wani da adda ko ya cinna wa gida wuta, danginsa kan garzaya ofishin 'yan sanda da magana ɗaya, wato kowa a unguwa ya san ba shi da lafiya, don haka a ba su shi su tafi gida. A nan kuskuren farko yake, kuma shi ne tushen sauran. Dokar Najeriya tana ɗaukar kowane baligi a matsayin mai cikakken hankali har sai an tabbatar da akasin haka a gaban alƙali, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta ɗora nauyin tabbatarwar a kan wanda ake tuhuma. Ɗan sanda ba shi da hurumin yanke wannan hukunci, haka ma mai unguwa. Abin da ya kamata dangi su yi tun ranar farko shi ne su sa a rubuta cikin bayanin 'yan sanda cewa mutumin yana da tarihin ciwon ƙwaƙwalwa, su nemi lauya, sa'an nan su kai masa maganinsa idan yana sha, domin yanke magani kwatsam yakan tayar da ciwon.

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne cakuɗa tambayoyi biyu da doka ta raba. Ta farko: yaya hankalinsa yake a lokacin da ya aikata abin? Ta biyu: yaya hankalinsa yake yanzu da ake shari'a, zai iya fahimtar tuhumar ya kuma kare kansa? Mutum zai iya kasancewa garau ranar da ya yi kisa, ciwo ya kama shi a tsare daga baya. Irin wannan ba ya kuɓuta daga tuhuma, dakatar da shari'ar kawai ake yi har ya samu sauƙi a ci gaba. Wani kuma yana cikin ciwo ranar da abin ya faru, amma magani ya daidaita shi kafin a gurfanar da shi, har yana amsa tambayar alƙali tiryan-tiryan. Dangin wanda aka cuta sukan ga haka su ce ai ga shi nan lafiyarsa ƙalau, da ma haukan ƙarya ne, alhali nutsuwarsa ta yau ba ta ce komai a kan halin da yake ciki shekara biyu baya ba.

Tambaya ta farko tana ƙarƙashin sashe na 51 na Final Kod, wato dokar laifuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ko da yake jihohin da suka sabunta dokarsu, kamar Kaduna a 2017, sun sauya lambobin sassan. Sashen ya ce aikin mutum ba laifi ba ne idan a lokacin da yake yin sa rashin hankali ya hana shi sanin ainihin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka. Asalin wannan ma'auni daga Ingila yake. A 1843 wani mai suna Daniel M'Naghten ya harbe Edward Drummond, sakataren Firayim Minista Robert Peel, kotu ta wanke shi saboda hauka, kuma hayaniyar da ta biyo baya ta sa alƙalai suka tsara ƙa'idojin da har yau ake kira da sunansa. Dokar laifuka ta Kudu ta ɗan fi faɗi, domin sashe na 28 ya haɗa da wanda ciwo ya hana shi iya kame kansa, abin da Final Kod ba ta ambata ba. Lauyan da ya ɗauko hukuncin da aka yanke a Inugu ya kafa hujja da shi a Katsina ba tare da lura da wannan bambanci ba yana iya faɗuwa.

Daga nan za a gane cewa katin asibiti shi kaɗai ba ya wadatarwa. Mutum zai iya shekara goma yana karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Kware a Sakkwato, ko na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, kuma duk da haka ya san sarai abin da yake yi ranar da ya ɗauki wuƙa. Kotunan Najeriya suna duba tarihin mutumin, da halinsa dab da faruwar abin da kuma bayansa, da shaidar dangi da maƙwabta, da ta jami'an gidan yari da suka tsare shi, da rahoton likitan ƙwaƙwalwa, da ko akwai irin ciwon a zuriyarsa. Maganar wanda ake tuhuma a kan haukan kansa ba ta da nauyi sosai, haka ma cewa ba a ga dalilin da zai sa ya yi kisan ba. Kuma likita shaida ne kawai, alƙali ne mai yanke hukunci. Abin takaici, iyalai da yawa sukan ɓoye ciwon shekara da shekaru don gudun kada a ƙi auren 'ya'yansu, su tsaya ga ruƙiyya da hayaƙi, sai ranar shari'a a nemi takarda ko ɗaya a rasa. Wanda ya je kotu ya ce aljanu ne ko sammu aka yi masa bai ba alƙali abin da zai rubuta ba. Abin da zai amfane shi shi ne shaidar da za ta ce ya kwana biyar bai runtsa ba, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa za a kashe shi, tare da faɗin rana da wata.

Batun ƙwaya kuwa gajere ne. Wanda ya sha tiramol ko sholisho da ganin damarsa ba ya samun kariyar maye a Final Kod, sai wanda aka ɗura wa ba da saninsa ba ko aka tilasta masa.

Akwai masu zaton cewa da zarar kotu ta amince da hauka, sai a buɗe ƙofa mutum ya koma gida. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, daga sashe na 278 zuwa gaba, da takwarorinta na jihohi kamar ta Kano ta 2019, sun tsara wata hanya dabam. Idan alƙali ya yi shakkar hankalin wanda ke gabansa, zai sa likita ya duba shi, kuma yana iya tsare shi na ɗan lokaci don a lura da shi. Idan aka tabbatar shi ya aikata abin amma ba ya cikin hankalinsa, kotu takan ba da umarnin a ajiye shi a amintaccen wuri, a kai rahoto ga Antoni Janar. Wannan tsarewa ba ta da ranar ƙarewa irin ta ɗaurin shekara biyar ko bakwai. Shi M'Naghten ɗin ma bai sake fita ba, ya mutu a asibitin Broadmoor a 1865. Saboda haka a ƙaramin laifi, kamar satar waya, lauya mai lura yakan auna sosai kafin ya kafa hujja da hauka, don kada maganin ya fi cutar zafi.

A nan ne dangi suka fi sakaci. Sukan ɗauka magana ta koma hannun hukuma, su daina zuwa, fayil ya kwanta, mutum ya shekara da shekaru a ɓangaren masu taɓin hankali na gidan gyaran hali ba tare da likita ya sake ganinsa ba. Doka ta ba da dama ɗan uwa ko aboki ya nemi a miƙa masa majinyacin, muddin ya ba da tabbacin zai kula da shi, ya hana shi cutar da kansa ko wani, ya kuma kawo shi duk lokacin da aka buƙata. Ana rubuta wannan buƙata ta hannun lauya, kuma wanda ba shi da kuɗi yana iya zuwa ofishin Hukumar Tallafin Shari'a ta Ƙasa ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Ziyarar da Babban Jojin jiha kan kai gidajen yari ita ma dama ce, amma sai an shigar da sunan mutumin cikin jerin da za a gabatar masa.

Wasu kuma sukan karɓo shi su kai gidan mari a sa masa sarƙa. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci na samun magani cikin mutunci. Mai sarƙar shi ma yana iya tsintar kansa gaban alƙali.

Dangin wanda aka kashe su ma sukan yi zaton haƙƙinsu ya tafi ke nan. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Arewa ke bi, hadisin ɗauke alƙalami daga mutum uku ya sauke ƙisasi daga kan mahaukaci, amma gangancinsa ana ɗaukarsa kisan kuskure ne, diyya tana hawa kan danginsa na wajen uba, dukiyar da ya lalata kuma ana biya daga dukiyarsa. Mai haukan da ke zuwa yana tafiya kuwa, idan ya yi kisan a lokacin da ya farfaɗo, hukuncinsa na mai hankali ne.