Yadda Ake Gano Matsalar Kala Idan Hoto Ya Canza Bayan An Gyara Shi

An gyara hoton amarya tsaf a kwamfuta, an tura wa uwar biki, sai ga kira: jan leshin ya koɗe kamar an wanke shi sau goma, fuskar kuma ta yi toka-toka. Abin da sabon shiga ke yi a nan shi ne ya koma Photoshop ya ƙara Saturation, wato ƙarfin kala, har hoton ya ƙone. Kada ka taɓa komai tukuna. Kala tana lalacewa ne a wuri uku: allo, fayil, ko wurin bugawa. Sai ka gano wanne ke yi maka ƙarya kafin ka kama gyara.

Fara da lamba, ka bar ido. Buɗe hoton a Photoshop, danna F8 don tagar Info ta fito, ka ɗora linzami a kan wani abu da ka san fari ne, kamar farar shadda ko rawanin liman. Idan lambobin R da G da B, wato ja da kore da shuɗi, sun yi kusa da juna, misali 240, 240, 238, amma kana ganin rawaya, to allonka ne ke da laifi. Idan R na 240, B kuma ya faɗo 200, rawayar tana cikin hoton, daga ƙwan fitilar zauren biki ta fito, White Balance, wato saitin daidaita fari, shi ne maganinta. Minti ɗaya wannan gwajin ke ci, amma ba kasafai ake yinsa ba.

In allo ne, duba Night light na Windows ka kashe. A waya kuma Eye comfort shield na Samsung, ko True Tone da Night Shift na iPhone. Wayar da za ka riƙa gwada hoto a kanta ka mai da ita Natural, domin Vivid ƙara wa komai kwalliya yake yi. Mai kwamfutar tebur da ke haɗa allo da wayar VGA, mai shuɗin kai ɗin nan, ya ɗaure kusoshinta biyu da kyau. Ja da kore da shuɗi kowanne da ƙafarsa a ciki. Ƙafar kore ta lanƙwashe allo ya koma ruwan hoda, ta shuɗi ta saki ya koma rawaya. An sha sake wa kwamfuta Windows saboda wayar da ba ta kai kuɗin katin data ba. Mai amfani da talabijin a madadin allo ta HDMI, in baƙi ya zama toka, ya shiga saitin katin hoto na kwamfutar, wato graphics card, ya sa Full, wato 0 zuwa 255, maimakon Limited mai 16 zuwa 235. Ko da yake ni a wurina talabijin ba abin gyaran hoto ba ce.

Yawancin laptop na hannu masu araha allonsu TN ne, irin wanda kalarsa ke canzawa da kusurwar da ka kalle shi. Ɗaga kai sama ka sauko da shi: in hasken fuska ya canza, shi ne. Ba gyara gare shi ba sai dai ka tsai da murfin a kusurwa ɗaya kullum, ko ka tara kuɗi ka sayi allon IPS, wanda bai cika wannan canjin ba, ko da na hannu. Kada kuma ka yi gyaran kala a kan batir bayan an ɗauke wuta, laptop na rage haske da kanta. Lokacin hunturu a goge ƙura da tsumma mai laushi kowace safiya. Haske kada ya kai ƙarshe, allo mai tsananin haske shi ke sa hoto ya fito da duhu a takarda. 

Akwai wata mai rikitarwa: fari ya zama ruwan madara a Photoshop kaɗai, ko'ina lafiya lau. Furofayil ɗin allo, wato fayil ɗin da ke bayyana yadda allon ke nuna kala, shi ne ya lalace. Danna maɓallin Windows da R, rubuta colorcpl, zaɓi allonka, sa alama a Use my settings for this device, danna Add, ɗauko sRGB IEC61966-2.1, mai da shi Default, ka rufe Photoshop ka sake buɗewa.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa. Lambobin kala ba su da ma'ana sai an san da wane ma'auni aka auna su. Kamar a ce maka an kawo gero awo goma, ba a faɗa maka mudu ne ko tiya ba. Furofayil shi ne sunan kwanon. sRGB, wanda HP da Microsoft suka fito da shi a 1996, shi ne ƙaramin kwano, kuma shi intanet da yawancin manhajoji suka sani. Adobe RGB na 1998 ya fi shi faɗi, musamman wajen kore. ProPhoto ya fi su duka. Idan ka gyara hoto a babban kwano, manhajar da ba ta karanta furofayil ta ɗauke shi a matsayin sRGB, dole ya koɗe. Hoton hawan sallah a Ƙofar Soro ne zai nuna maka wannan ƙarara: jan rawanin dogarai ya koma ruwan ƙasa, koren rigarsu ya mutu.

Ta yaya ka shiga babban kwano ba ka sani ba? Hanya biyu. Ko kyamara: in sunan fayil ya fara da layin ƙasa, _MG_ a Canon ko _DSC a Nikon, Adobe RGB take ɗauka. Ko manhajar gyaran hoto ta Lightroom, wanda in ka ce ya miƙa hoto zuwa Photoshop, a ProPhoto yake miƙawa sai in ka canza. Don tabbatarwa, danna ƙaramar kibiyar da ke ƙasan tagar hoto ka zaɓi Document Profile.

Gyaran: Edit, Convert to Profile, zaɓi sRGB IEC61966-2.1, Intent ya zama Relative Colorimetric, a sa alama a Black Point Compensation. Convert na ce, ba Assign ba. Suna maƙwabtaka a jerin, shi ya sa ake ruɗewa. Convert yana sake awon ne daga wancan kwano zuwa wannan, lambobi su canza, kamanni su tsaya. Assign kuwa sunan kwanon kawai yake sauyawa, lambobi na nan, kala ta juye nan take. Amfaninsa ɗaya ne: fayil ɗin da ya nuna Untagged RGB, wato ya zo ba suna. Shi za ka gwada masa sRGB, in fatar mutum ta yi daidai ka bar shi. Wajen fitarwa ta Export As, sa alama a Convert to sRGB da Embed Color Profile duka biyu. Mai ɗaukar hoton biki da suna a JPEG ya mai da kyamararsa sRGB tun yau ya huta.

Batun bugawa kuwa, tambayi mai injin abin da yake so. Masu wanke hoto sRGB suke karɓa, kada ka juya musu zuwa CMYK, tsarin tawada huɗu na injin bugawa (Cyan, Magenta, rawaya da baƙi). Kalanda da katin gayyata su ne na CMYK. Danna Ctrl+Y ka ga kwatancin yadda zai fito, Shift+Ctrl+Y kuma ya shafa toka a kan kalar da tawada ba za ta iya ba. Shuɗi mai haske ya fi kowa wahala, yakan koma ruwan makuba, sai a rage Magenta ya yi ƙasa da Cyan da kamar 30. In firintar shago ce ta fara fitar da layi-layi ko ruwan hoda, yi Nozzle Check tukuna, wata tawadar ce ta toshe. Fayil a kai shi a filas, ko a tura ta WhatsApp a matsayin Document, kuma a buga gwaji ɗaya na inci 5 da 7 a duba shi a bakin ƙofa da rana kafin a ba da odar ɗari biyu.